Ruwan da aka zuƙo daga gwiwata

Ni tela ne, ɗan tela, haifaffen Garwa a arewacin Kamaru, kuma a nan nake zaune da iyalina har yau. Na shafe fiye da shekara ashirin ina taka keken ɗinki da ƙafar dama, tun ina yaron shago mai sa maɓalli da yin guga har Allah ya hore mini nawa shagon a kusa da babbar kasuwa. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san cewa tela da gwiwarsa yake cin abinci kamar yadda yake ci da idonsa. Lokacin da gwiwata ta dama ta fara kumbura, bayan ƙaramar Sallar 2017, ban ɗauki abin da muhimmanci ba, domin a goman ƙarshe na azumi a kan keke muke kwana, kuma kowace shekara jiki yakan yi tsami bayan an gama ɗinkin Salla.

Kumburin bai sauka ba. Bai yi ja ba, bai yi zafin da zai hana ni taka ƙasa ba, sai dai gwiwar ta yi nauyi kamar an ɗura mata ruwa a salka, kuma idan na danna gefen ƙoƙon sai in ji abu yana gudu zuwa ɗaya gefen. Damina ta yi nisa a lokacin, kogin Binuwai ya cika, don haka duk wanda na nuna wa sai ya ce sanyi ne. Inna, wadda ta daɗe tana fama da gwiwoyinta, ta ce irin nata ne na gado. Maƙwabcinmu mahauci, wanda babban yatsan ƙafarsa kan kumbura ya kwantar da shi kwana biyar ko shida, shi ma ya ce ciwonmu ɗaya. Mu uku ke nan, kowa da irin wahalarsa, amma suna ɗaya muke kiran abin da ke damunmu, kuma da wannan suna ɗaya muka riƙa neman magani.

Na shafa man kaɗanya, na gasa da ruwan zafi, na sha sassaƙe iri-iri, wanzami ya yi mini ƙaho sau uku. Ba na raina waɗanda suka yi mini waɗannan, da kyakkyawar niyya suka yi, kuma babu wanda ya cutar da ni a cikinsu. Inda na cutu shi ne wajen ƙwayoyin da ake sayarwa a kan tebur. Wani mai tallar magani ya haɗa mini diklofenak da wata 'yar ƙaramar ƙwaya, wadda daga baya na san sunanta dekzametazon, kuma cikin kwana biyu na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙafa. Na koma kan keke ina godiya. Da na daina sha sai ciwon ya dawo fiye da da, sai na koma na sake saya, har abin ya zama mini kamar goro. Fuskata ta cika, mutane suna cewa hankalina ya kwanta na yi ƙiba, alhali cinyata ta dama tana ta ramewa a cikin wando ba wanda ya gani. Akwai kuma ranar da wani mai shagon magani ya yi mini allura a cikin gwiwar kanta, ya ce wadda ake yi wa 'yan ƙwallo ce. Na sami sauƙin wata guda, sannan ƙafar ta fara lanƙwashewa ta ƙi miƙewa.

Asibiti ma na je, har sau biyu. A karo na farko an ɗauki hoton ƙashi, aka ce zaizayewar gaɓa ce irin ta masu aikin ƙarfi, aka rubuta mini maganin rage zafi. A karo na biyu an gwada jinina, aka ga sinadarin da ake kira asid yurik ya ɗan haura, aka ce gut ne, ciwon gaɓa da taruwar wannan sinadari ke kawowa, in daina cin nama. Wata shida ban sa tsire ko kilishi a bakina ba, kuma gwiwar ba ta san ina yi ba. A duka ziyarar nan biyu babu wanda ya yi zancen ruwan da ke cikin gwiwar, ga shi kuwa yana nan cike, kowa yana ganinsa.

A watan Maris na 2019, lokacin da zafin Garwa ke kan ganiyarsa, Yayana ya zo daga Marwa ya tarar da ni ina dogara sanda, na sayar da ɗaya daga cikin kekunana biyu, kuma ina jiƙa zanen gado da gumi kowane dare. Bai yi dogon magana ba. Washegari da sassafe ya ɗora ni a bayan babur ya kai ni wurin wani likita da aka yi masa kwatance. Wannan likita matashi ne, ɗan kudu, yana jin Fulatanci sosai da Hausa kaɗan, kuma ya fi minti ashirin yana tambayata kafin ya taɓa ƙafar: yaushe ta fara, gaɓa ɗaya ce ko da yawa, yatsuna sukan sandare da safe ko a'a, me nake sha kuma tun yaushe. Da na zazzage masa ƙwayoyin da ke aljihuna a kan tebur sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Malam, gwiwa ɗaya da ta kumbura kusan shekara biyu ba a yi mata magani da zato. Zan zuƙo ruwan da ke ciki mu duba shi."

Gabana ya faɗi, domin tun muna yara muke jin cewa idan aka cire ruwan gwiwa ƙafa takan bushe, ko kuma ruwan ya riƙa dawowa har abada. Na faɗa masa haka. Ya ce ruwan yakan dawo ne idan cutar da ke tara shi tana nan, kuma allurar ba ta da hannu a ciki, kamar yadda ɗiban ruwa a rijiya ba shi ne ke sa ta tsattsafo ba. Yayana ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ka bari a yi, mun gwada duk abin da muka sani." Na amince.

Ina so in faɗi yadda aka yi dalla-dalla, saboda tsoron wannan allura ya hana mutane da yawa abin da zai amfane su. Na kwanta rigingine, aka sa ƙaramin matashi a ƙarƙashin gwiwar, aka wanke fatar da ruwan magani mai launin ƙasa har sau uku, likita ya sa safar hannu, ya lalubi gefen ƙoƙon gwiwa ta waje, ya soka allurar. Zafin bai fi na allurar ɗiban jini ba sosai, abin da na fi ji shi ne wani matsi a ciki, sannan sassauci yayin da ruwan ke fita. Ya cika babban sirinji biyu. Duka aikin bai kai minti goma ba, kuma da ƙafata na fita daga ɗakin.

Kafin ya aika da ruwan ɗakin gwaji, ya nuna mini abu biyu da idona. Ya zuba kaɗan a cikin siririyar kwalba ya kara ta a kan takarda mai rubutu, ya ce in karanta ta cikin ruwan. Ban iya ba, domin ruwan ya yi gurɓi, rawaya-rawaya mai duhu kamar ruwan tsamiyar da aka dama da gari. Ya ce na lafiyayyar gaɓa garau yake, ana karanta rubutu ta cikinsa. Sannan ya bar ɗigo ɗaya ya sauko daga bakin sirinjin, sai ya faɗi tsulum kamar ruwan famfo. Ya ce ruwan gaɓa na asali yana da yauƙi kamar na kuɓewa ko farin ƙwai, yakan ja zare kafin ya tsinke, kuma wannan yauƙin ne ke sa ƙashi ya zame a kan ɗan'uwansa ba tare da gogayya ba. Idan kumburi ya daɗe a gaɓa sai ya lalata sinadarin da ke ba da yauƙin. Ni da nake zuba wa keke mai kowace safiya, nan take na gane abin da yake nufi.

Wanda ya karɓi kwalaben a ɗakin gwaji wani Bahaushe ne ɗan unguwarmu, wanda na taɓa ɗinka wa kayan makaranta yana ƙarami, kuma shi ne ya fassara mini takardar sakamako da harshen da zan fahimta, bayan likita ya gama nasa bayanin. Ya ce, "Kawu, ruwan gaɓa daga jini ake tace shi." Akwai wata siririyar fata da ta lulluɓe cikin gaɓa, tana aiki kamar rariya: tana barin ruwa da gishiri da sukari su wuce, tana tare manyan furotin, watau sinadaran gina jiki, a cikin jini. Shi ya sa furotin ɗin da ke cikin ruwan lafiyayyar gaɓa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na wanda ke cikin jini ba. A cikin jini ana samun giram 60 zuwa 80 a kowace lita. A gaɓar da zaizayewa kawai ke damunta yawanci ba ya kai giram 30. Idan kuwa fatar nan ta kumbura, sai idon rariyar ya buɗe, manyan furotin su kwararo, adadin ya haura giram 40, har ruwan ya riƙa daskarewa a cikin kwalba kamar jini, abin da ruwan gaɓa mai lafiya ba ya yi. Nawa ya nuna giram 54.

An kuma ƙirga fararen ƙwayoyin jini. A lafiyayyar gaɓa ba su kai 200 ba a cikin ɗan ma'aunin da suke amfani da shi, a zaizayewa ba su wuce 2,000 ba, daga nan zuwa sama kumburi ne, kuma idan suka haura 50,000 sai a fi zargin ƙwayar cuta mai tara mugunya, wadda ke iya cinye gaɓa cikin 'yan kwanaki. Nawa sun kai wajen 18,000. Sukarin da ke cikin ruwan ya yi ƙasa ƙwarai da na jinina, alamar akwai abin da ke cinye shi a ciki. An duba ta madubin ɗakin gwaji ko za a ga ƙananan duwatsun nan masu siffar allura da ke haddasa ciwon gut, ba a ga ko ɗaya ba. An shuka ruwan don a ga ko ƙwayoyin cuta na yau da kullum za su tsiro, kwana biyar babu abin da ya fito.

Da waɗannan kaɗai, sunaye biyu da aka ba ciwona sun faɗi: zaizayewa ba ta ba da furotin da ƙwayoyi masu yawa haka, gut kuma ba a tabbatar da shi sai an ga duwatsun. Amma likitan bai yi gaggawar ba ni suna na uku ba, kuma a nan ne girmansa ya ƙaru a idona. Ya ce yawan furotin yana nuna cewa gida ya kama wuta, ba ya nuna wanda ya kunna ta, domin yana haurawa a amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid, yana haurawa a gut, yana haurawa idan ƙwayar cuta ta shiga. Saboda haka sai a koma neman wasu furotin na musamman, kowanne da abin da yake nunawa. A jinina an nemi alamomin rumatoyid guda biyu, ba a samu ba, kuma yanayin ciwona bai yi kama da shi ba, tunda shi ya fi kama ƙananan gaɓɓan hannu da ƙafa, dama da hagu tare, da sandarewar safiya mai daɗewa. A ruwan gwiwar kuma ya sa aka auna wani furotin da ake taƙaita sunansa da ADA, wanda wasu fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa da yawa idan suna yaƙi da ƙwayar tarin fuka. Wannan gwajin sai da aka aika da ruwan wani ɗakin gwaji mai nisa, muka jira fiye da mako guda. Sakamakon ya dawo ya yi sama sosai.

Ko da haka bai yanke hukunci ba. Ya ce ADA yakan ɗaga a wasu cututtukan ma, don haka manuniya ce mai cewa a bi wannan hanya. Ya sake zuƙo ruwa, aka sa a na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar tarin fuka ta hanyar ƙwayoyin gadonta cikin kamar awa biyu, kuma tana faɗa ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin. Ta gano ta, kuma cikin ikon Allah ba mai bijirewa ba ce.

Na ce, "Likita, ni ban taɓa yin tari ba." Ya ce haka mutane da yawa suke faɗa. Ƙwayar takan shiga ta numfashi, ta bi jini ta sauka a wani wuri ta yi kwance shekaru, sannan ta farka idan garkuwar jiki ta yi rauni. A cikin ƙasusuwa ta fi son ƙashin baya, sai ƙugu da gwiwa, kuma a gaɓa ba ta da yawa, shi ya sa sau da yawa ba a ganinta ta madubi. Yana cikin magana na tuna da ƙanen mahaifina, wanda na yi jinyarsa wata huɗu a ɗaki ɗaya, kusan shekara goma kafin nan, yana tari har Allah ya karɓi ransa. Sai likitan ya ƙara da abin da ya fi komai yi mini ciwo: ƙwayar dekzametazon da nake sha, da allurar da aka yi mini a gwiwa, suna danne garkuwar jiki, suna ɓoye zafi su bar ƙwayar tana cin guringuntsi ba mai hana ta. Watau da kuɗina na riƙa ciyar da cutar. Ya kuma gargaɗe ni da kada in yanke ƙwayar lokaci guda bayan na daɗe a kanta, domin hakan na da haɗari, sai ya tsara mini yadda zan rage ta sannu a hankali.

An ɗauki hoton ƙirjina, huhu lafiya lau, wanda ke nufin ba na yaɗa cutar ga kowa. An yi mini gwajin ƙanjamau, kamar yadda ake yi wa duk mai tarin fuka, kuma ba zan ɓoye ba, daren da na jira sakamakon ban runtsa ba. Ya fito babu. An duba maiɗakina da yaranmu, su ma lafiya. Duk da haka, da labari ya bazu cewa tarin fuka ne, wasu abokan cinikina sun janye, kuma a wani gidan biki an ware mini kofi nawa ni kaɗai. Na yi haƙuri, domin ni ma da a ce wani ne, da ban san bambancin ba.

Magani kyauta ake bayarwa a ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa. Wata biyu na farko na sha haɗin magunguna huɗu, rifamfisin da isoniyazid da firazinamid da etambutol, sannan na ci gaba da biyu na farko har na cika wata goma sha biyu, domin na ƙashi da gaɓa ya fi na huhu daɗewa. Da sassafe ake sha kafin a ci komai. An riga an faɗa mini cewa fitsarina zai koma ja kamar manja, don haka ban firgita ba. Da azumi ya zo, na nemi shawarar likita da ta limaminmu, na riƙa sha kafin sahur da kamar awa guda. Gumin dare ya ɗauke a cikin wata na farko, kumburin ya fara sauka a wata na uku, kuma ruwan da aka ce zai riƙa dawowa bai sake taruwa ba. Maiɗakina ce ta riƙe katin, tana sa alama kowace rana, kuma ita ce ta hana ni tsayawa a wata na shida lokacin da na ji kamar na warke.

Abin da cutar ta ci kafin a gano ta bai dawo ba. Na yi watanni ina zuwa wurin masu motsa gaɓɓai, suna miƙe ƙafar suna lanƙwasa ta ina cije haƙora, har cinyar ta ɗan murmure na ajiye sanda. Amma gwiwar ba ta naɗewa gaba ɗaya. A zaman tahiya sai na miƙe ƙafar dama gefe, kuma likita ya faɗa mini a fili cewa da an zuƙo ruwan nan a shekarar farko, mai yiwuwa da guringuntsin bai lalace haka ba. Wannan magana takan dawo mini lokaci-lokaci, musamman idan na ga sa'o'ina suna durƙusawa ba tare da tunani ba.

A 2021 gwiwar Inna ta hagu ta tara ruwa, na kai ta wurin likitan nan. Ta ƙi allurar da farko, sai da na ɗage wandona na nuna mata wurin da aka soka mini, inda ko tabo babu. Na tsaya a kanta aka zuƙo. Ruwanta ya fito garau, launin man gyaɗa sabon tatsa, na karanta rubutun takarda ta cikinsa, kuma da ɗigon ya sauko sai ya ja zare mai tsawon yatsa kafin ya tsinke. Furotin giram 21, fararen ƙwayoyi 'yan ɗaruruwa, babu duwatsu, babu ƙwayar cuta. Nata zaizayewar tsufa ce da gaske, aka ba ta maganin rage zafi mai sauƙi, da motsa jikin da zai ƙarfafa cinya, da shawarar rage nauyi. Maƙwabcinmu mahauci kuwa, da ciwon ya haura masa zuwa gwiwa aka zuƙo nasa, yaron nan na ɗakin gwaji ya ga duwatsun masu kama da allura, aka tabbatar da gut, aka sa shi a kan alofurinol, maganin rage asid yurik, na kullum, kuma rabonsa da kwanciya ya daɗe.

Yanzu na sa wa kekena inji mai aiki da lantarki, ina danna shi da ƙafar hagu, idan an ɗauke wuta kuma yarona ne ke taka na biyun da na sake saya, ni ina yanka. Takardar sakamakon farko tana cikin aljihun keken, a naɗe cikin leda tare da allurai da alli. A makon jiya wani dattijo ya kawo ɗinkin babbar riga yana ɗingishi, na tambaye shi, ya ce sanyi ne, wata takwas ke nan, gwiwa ɗaya. Na tambaye shi abin da yake sha, ya zaro ƙulli daga aljihu, na ga 'yar ƙaramar ƙwayar nan a ciki. Na ce, "Baba, zauna tukuna," na jawo masa kujera, na buɗe aljihun keken na ɗauko takardar.